Ruwan kwata a gonar zaitun da inabi, wai da gaske ne?

Wai ruwan bayan gida ake ba itatuwan nan su sha?

Eh kuma a'a. Ruwan gidaje ne kam, na wanka da wanki da wanke-wanke har da na masai, amma ba kai tsaye ake kora shi gona ba, sai ya bi ta matata tukuna. Can za a fara tare shi da ragar ƙarfe ta kama leda da tsumma da sauran tarkace, sannan a bar shi a manyan tankuna dauɗa ta kwanta, daga nan a riƙa hura masa iska ƙananan ƙwayoyin halitta su cinye ƙazantar da ta narke, a sake kwantar da shi, wasu wuraren su bi da shi ta cikin yashi, ƙarshe a zuba kilorin ko a haska shi da fitila mai kashe ƙwayoyin cuta. In aka ɗebo maka wanda ya tacu da kyau a kofi, garai-garai zaka gan shi, sai dai zuciya ce kawai zata ƙi.

Su waye ke yin haka?

Galibi ƙasashen da ruwa yayi musu ƙaranci. Tunisiya tun 1965 take shayar da gonakin lemo na La Soukra kusa da birnin Tunis da irin ruwan nan, a yankin Safakis kuma, inda zaitun yayi sansani, akwai gonakin da shi suke sha. Isra'ila ce a gaba, sama da kashi 80 cikin ɗari na ruwan kwatarta take sake amfani da shi, matatar Shafdan tana tace na yankin Tel Abib a tura shi kudu hamadar Negeb. Jodan na da matatar As-Samra mai karɓar ruwan Amman da Zarƙa. A Ostareliya kuwa manoman inabi na McLaren Vale tun 1999 ake jawo musu ruwa daga matatar Christies Beach (mafi yawan inabin can giya ake yi da shi, wannan kuma wata magana ce daban). A Kalifoniya bututun irin wannan ruwa launin shunayya ake masa, don kar wani ya zo da ƙishi ya kafa kai.

Me yasa zaitun da inabi, ba latas ko tumatir ba?

Saboda 'ya'yan suna can sama, ruwan yana ƙasa. Da siririn tiyo mai ɗiga a gindin bishiya ake ba su, ruwan baya taɓa abin da za a ci, zaitun ɗin ma yawanci matsewa za a yi a fidda mai. Latas kuwa a cikin ruwan yake kwance kuma ɗanye ake ci. Shi yasa dokar Tunisiya ta hana shayar da kayan lambun da ake ci ɗanye da shi. Tarayyar Turai ma tana da doka da ta fara aiki a Yunin 2023, ta kasa ruwan aji huɗu daga A zuwa D, ajin A, mafi tsafta, shine wanda ƙwayar E. coli, wadda ake samu a kashi, bata wuce 10 ba a mililita 100.

Sannan ka tuna su ƙasashen Bahar Rum da sanyi ake musu ruwan sama, lokacin zafi da itatuwa suka fi buƙata ko ɗigo babu. Amma gari baya daina wanka, ko da fari ake. Ga shi ruwan yana zuwa da nasa takin, naitirojin da fosfaras, manomi ya rage kuɗin buhu.

To in haka ne ai babu matsala kenan?

Akwai fa, kuma ba inda mutane suke zato ba. Kowa tsoron cuta yake, alhali wadda tafi cinye gona a hankali ita ce gishiri. Duk ruwan da ya ratsa gida sai ya ɗauko gishirin miya da na sabulu da omo da na fitsari, kuma matatar da aka saba bata cire shi, ƙwayoyin cuta take kashewa, gishirin yana nan daram. Shekara ɗaya biyu ba zaka ga komai ba, bishiya ma kore shar, sai a hankali ka fara ganin fari-fari kamar kanwa ya zagaye inda tiyon ke ɗiga, ƙasar tayi tauri in ka zuba ruwa ya tsaya a sama yaƙi shiga, bakin ganye ya fara ƙonewa. Wanda ya taɓa noma a fadama mai kanwa ya san abin da nake nufi. Zaitun yana da ɗan haƙuri da gishiri, inabi bai kai shi ba, shi yasa masu inabi suke auna ƙasa da ganye akai-akai, su gauraya ruwan da mai daɗi, su watsa jibsin, wani farin ma'adini mai gyara ƙasa, wasu kuma su ɗaura inabin a kan saiwar wani iri mai jure gishiri. Ruwan damina mai ƙarfi yana wanke gishirin ya tura shi ƙasa, shekarar da bai sauka sosai ba kuwa sai ya taru.

Takin nan na kyauta ma in yayi yawa ɓarna yake, inabi ya zuba ganye kamar ba gobe 'ya'ya su makara wajen nuna. Ga toshewar tiyo da gansakuka, kullum cikin wanke shi ake.

A addinance fa, ruwan ya tsarkaka?

Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta duba wannan tun 1978, ta ce in an tace shi har ya koma asalinsa, babu sauran launi ko ɗanɗano ko warin najasa, kuma baya cutarwa, to ya tsarkaka. Saudiyya kanta tana ban-ruwa da shi.

Ashe abin da masu lambu ke yi a bakin Jakara a Kano kenan?

Ina! Ba ɗaya bane ɗan'uwa. Wancan ruwa ne da ya fito daga kwatocin birni bai ga matata ba, a wasu rafukan kamar Getsi har da na masana'antu yake haɗuwa, kuma abin da ake shayarwa da shi latas ne da kabeji da alayyafo da karas, wato dai kayan da Tunisiya ta hana ko da ruwan tacacce ne. Ruwan masana'antar fata kuwa yana ɗauke da kuromiyam, wani sinadari mai guba, shi ko kilorin baya cire shi. Ba laifin mai lambu nake gani ba, da rani ruwan da ya samu kenan, ya tada injinsa tun asuba ya shayar, kafin rana tayi tsaka kayan sun isa kasuwa.