Waiwaye: Yadda ratar tayi da sallama ta tsuke a kasuwar hannun jari

Duk hannun jarin da ka duba, farashi biyu za ka tarar. Akwai tayi, wato kuɗi mafi tsoka da wani mai saye ya yarda ya biya a wannan lokaci. Akwai kuma kuɗin sallamawa, mafi ƙarancin abin da wani mai sayarwa zai karɓa. Babu hukumar da ke yanka su. Ratar da ke tsakani kuwa ita ce abincin dillalin da ke saye ya sayar, kuma daga aljihun mai zuba jari take fita ko bai lura ba.

A da, 'yan tsiraru ne ke riƙe da wuƙa da nama. A kasuwar New York, wadda dillalai 24 suka aza tubalinta a 1792, kowane hannun jari yana da dillali guda da ke ajiye littafin tayi, shi kaɗai ke ganin abin da ke ciki. A Landan ma sai a 1986 aka rushe tsohon tsari.

A wancan zamani, farashi a Amurka yana tafiya ne da kashi ɗaya cikin takwas na dala, wato santi 12.5. Nan gizo ke saƙar. A 1994, malaman jami'a biyu, William Christie da Paul Schultz, suka gano cewa dillalan Nasdaq, wata kasuwar hannun jari a Amurka, suna tsallake 1/8, 3/8, 5/8 da 7/8 a hannayen jari 70 cikin 100 da aka fi hada-hadarsu. Sai ka ga tayi dala 20 da kwata, sallama 20 da rabi, babu mai shiga tsakani. Ratar ta zama santi 25 ke nan, ninki biyu. Wanda ya sayi hannun jari 1,000 ya sayar nan take, dala 250 ta tafi. A ganina wannan zalunci ne, domin ƙananan masu jari ba su da hanyar ganewa. An kai ƙara, dillalan suka amince da biyan kusan dala biliyan ɗaya.

Daga 1997 hukumar SEC, mai sa ido kan kasuwannin hannun jari a Amurka, ta tilasta a riƙa bayyana tayin abokan ciniki idan ya fi na dillali. A 2001 aka koma lissafin santi. Yau kwamfuta ce ke jera tayi da sallama, mafi kyawun farashi a gaba, kuma a manyan kamfanoni ratar kan tsaya a santi ɗaya.

Sai dai kwamfuta tana iya janye tayinta kafin ƙiftawar ido. Ranar 6 ga Mayu 2010 masu saye suka ɓace na 'yan mintuna, har aka sayar da hannun jarin kamfanin Accenture a kan santi ɗaya, saboda babu abin da ya rage sai tayin jeka-na-yi-ka da dillalai suka ajiye don cika sharaɗi. Kafin shekarar ta ƙare SEC ta haramta irin wannan tayi.