Ma'anar amincewar majiyyaci bayan cikakken bayani, da nauyin da take ɗora wa ɗalibin aikin jinya

Amincewa bayan cikakken bayani ita ce yardar da mutum mai hankali yake bayarwa da son ransa domin a yi wani aiki na magani ko na bincike a jikinsa, bayan an bayyana masa irin aikin, da dalilin yin sa, da amfanin da ake fata, da illar da ka iya biyo baya, da sauran hanyoyin da ake da su, har da hanyar barin aikin gaba ɗaya. Abubuwa uku ne ke riƙe da ita: bayanin da ya wadatar, da ikon fahimta da yanke shawara, da kuma rashin tilasci. Idan ɗaya daga cikinsu ya faɗi, abin da aka samu ba amincewa ba ce, ko da kuwa akwai takarda mai ɗauke da sa hannun majiyyaci a cikin fayil ɗinsa.

Ɗalibai da yawa suna shiga asibiti da zaton cewa takardar ita ce amincewar, kuma ba laifinsu ba ne gaba ɗaya, domin abin da ido yake gani kafin a shiga ɗakin tiyata shi ne ana neman sa hannu. Sai dai takarda shaida ce kawai cewa an yi wata tattaunawa, kuma shaida tana iya yin ƙarya. Mutumin da ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba, ko aka yi masa bayani da harshen da ba ya ji, ko aka miƙa masa alƙalami bayan an riga an ba shi maganin da ya gusar masa da natsuwa, bai amince da komai ba.

Wannan ƙa'ida ba daga kan teburin malamai ta fito ba, daga kotuna ta fito da kuma cin zarafin da aka yi wa mutane. A shekarar 1914 wata kotu a jihar New York ta Amurka ta duba ƙarar Mary Schloendorff, wadda ta yarda a sa ta barci domin a duba ta kawai, amma ta farka ta tarar an yi mata tiyata an cire mata ƙari. Alƙali Benjamin Cardozo ya rubuta a hukuncinsa cewa duk baligi mai cikakken hankali yana da haƙƙin yanke abin da za a yi da jikinsa. A 1947, bayan shari'ar da aka yi a birnin Nuremberg na Jamus ga likitocin Nazi, wato na gwamnatin Hitler, da suka yi gwaje-gwaje a kan fursunoni, aka fitar da ƙa'idojin Nuremberg guda goma, kuma ta farkonsu ita ce yardar mutum da son ransa. Duk da haka, daga 1932 har zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta ci gaba da wani bincike a garin Tuskegee na jihar Alabama a kan maza baƙar fata 600, waɗanda 399 daga cikinsu suke ɗauke da ciwon tunjere, ba a gaya musu ainihin ciwonsu ba, ba a kuma ba su penisilin ba bayan an tabbatar yana maganinsa.

Tambayar da ta fi wuya ita ce iyakar bayanin: mene ne ya wajaba a faɗa, tunda ba zai yiwu a karanta wa majiyyaci duk abin da ke cikin littattafan likitanci ba? An daɗe ana barin likitoci su auna wannan da ma'auninsu, wato abin da sauran likitoci suka saba faɗa. A 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta sauya wannan ma'auni a shari'ar Nadine Montgomery, mace mai ciwon suga kuma mai ƙaramin jiki, wadda ba a gaya mata cewa akwai haɗarin kashi 9 zuwa 10 cikin ɗari kafaɗar jaririnta ta maƙale a lokacin haihuwa ba. Likitarta ta ce ta yi shiru ne saboda in an faɗa wa mata irin wannan, mafi yawansu za su zaɓi a yi musu tiyata a ciro jaririn. Kafaɗar ta maƙale, yaron kuma ya tashi da lalurar ƙwaƙwalwa. Kotun ta ce haɗarin da ya wajaba a faɗa shi ne wanda mai hankali da ke cikin halin majiyyacin zai ba wa muhimmanci, ko wanda aka san wannan majiyyacin musamman zai damu da shi. Hukuncin na ƙasa ɗaya ne, amma abin da ya nuna ya shafi kowa: ɓoye bayani don kada mutum ya zaɓi abin da ma'aikaci ba ya so, yanke masa shawara ne a bayan idonsa.

Game da ikon yanke shawara, dokar Ingila da Wales ta 2005 ta tsara awon da ake yawan koyarwa, wato ko mutum yana iya fahimtar bayanin, ya riƙe shi, ya auna shi, sannan ya bayyana zaɓinsa ta kowace hanya. Ana ɗaukar kowane baligi yana da wannan iko har sai an tabbatar ba haka ba ne. Tsufa ba ya kawar da shi, haka nan rashin karatu, haka nan zaɓin da ma'aikata suke gani wauta ne. Ikon kuma yana zuwa yana tafiya: wanda zazzaɓi ya ruɗar da daddare zai iya warwarewa da safe, don haka abin da ba na gaggawa ba ana iya jinkirta shi har hankalinsa ya dawo.

Ba kowace amincewa ake rubutawa ba. Wanda aka ce za a auna masa hawan jini ya miƙo hannunsa ya amince a aikace, wanda za a yi wa allura ko a ɗebi jininsa yakan amince da baki, tiyata da sauran ayyuka masu babban haɗari kuwa su ne ke buƙatar rubutu. Mafi yawan aikin ɗalibi yana cikin kashi biyu na farko, kuma a nan ne kuskure ya fi saurin aukuwa, domin babu takardar da za ta tunatar da shi. Ana cewa shiru ma magana ce, amma a gefen gadon asibiti ba a fassara shi da yarda, saboda mutumin da ke kwance cikin ciwo, yana ganin masu kayan aiki tsaye a kansa, yakan yi shiru don kunya ko don tsoron kada a ce yana da taurin kai a yi watsi da shi. Wanda ya janye hannunsa, ko ya ja mayafi ya rufe jikinsa, ya faɗi abin da ke ransa ko da bai buɗe baki ba. Kuma yardar da aka bayar ana iya janye ta a kowane lokaci, har a tsakiyar aikin.

Akwai wani bayani da ya keɓanta ga ɗalibi, wanda a ganina shi aka fi sakaci da shi, wato majiyyaci ya san cewa ɗalibi ne zai taɓa shi. Wanda ya yarda a saka masa robar fitsari bai yarda da cewa mai koyo ne zai saka ba, sai an gaya masa. Ɗalibi yakan ji tsoron in ya faɗi matsayinsa za a ƙi shi, ya rasa damar koyo da alamar da yake nema a littafin horonsa, sai ya bar kayan aikin da ke jikinsa su yi masa magana. Wannan yaudara ce ko da ba a furta ƙarya ba. Abin da ya dace shi ne ya faɗi sunansa, ya ce shi ɗalibi ne, ya nuna ma'aikacin da ke sa ido a kansa, ya kuma bayyana cewa in majiyyacin ya fi son wani ya yi aikin, kulawar da ake ba shi ba za ta ragu ba. Batun ya yi girman da a 2024 ma'aikatar lafiya ta Amurka ta umarci asibitocin koyarwa su nemi rubutacciyar amincewa kafin ɗalibai su duba al'aura, ko nono, ko duburar majiyyaci domin koyo, musamman idan an sa shi barci.

Ɗalibi ba shi ne ke karɓar amincewar tiyata ba, wannan nauyi ne na wanda zai yi aikin ko wanda ya san shi sosai har zai iya amsa kowace tambaya a kansa. Amma sau da yawa ɗalibin ne ya fi daɗewa a gefen gado, shi ne kuma wanda majiyyaci ba ya jin nauyinsa, don haka shi ake yi wa tambayar da ba a yi wa likita ba. Idan mutumin da ya riga ya sa hannu ya tambaye shi a kan hanyar ɗakin tiyata cewa wai me za a cire masa ne, bai kamata ya ƙirƙiro amsa ba, bai kuma kamata ya kwantar masa da hankali da cewa komai zai tafi daidai ba. Aikinsa shi ne ya sanar da ma'aikacin jinyar da ke kula da shi nan take, domin a kira likita kafin a ci gaba. Wannan yana da wuya ga wanda ya fi kowa ƙanƙantar matsayi a ɗakin, musamman in ana sauri, amma jinkirin mintuna kaɗan ana iya gyara shi, abin da aka yanke kuwa ba ya komawa.

Inda ake aiki ba tare da amincewa ba ƙunci ne da shi: halin gaggawa, inda rai ke cikin haɗari, mutum ba ya cikin hayyacinsa, ba a kuma san ya taɓa ƙin wannan aikin ba. Ƙananan yara iyaye ko waliyyai ne ke amincewa a madadinsu, amma shekarun da yaro zai fara yanke wa kansa shawara, da wanda ke da ikon tsayawa wa baligin da ya rasa hankalinsa, sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma wajibi ne ɗalibi ya san dokar inda yake horo.

Idan kuwa mai cikakken hankali ya ƙi shan maganinsa, ɗalibi ba zai tsorata shi ba, ba zai kuma ɓoye maganin a cikin abin sha ba. Zai tambaye shi dalili, domin wani lokaci dalilin ƙarami ne, kamar tashin zuciya ko wahalar haɗiye ƙwaya, wanda ana iya magance shi ta hanyar sauya nau'in maganin. In ya tsaya a kan bakansa, sai ɗalibin ya kai rahoto ga mai sa ido a kansa, a rubuta a fayil lokacin da abin ya faru, da bayanin da aka yi masa, da dalilin da ya bayar da kalmominsa, da sunan wanda aka sanar.