Muhawarar Tsarin Iyali da Kuɗin Gwamnati a Jihar Katsina

Muhawarar tsarin iyali a Jihar Katsina taƙaddama ce da aka shafe kusan shekara 40 ana yi tsakanin hukumomi, malamai, ma'aikatan lafiya da magidanta, a kan ko ya dace gwamnati ta ɗebi kuɗin jama'a ta sayi magungunan hana ɗaukar ciki ta raba a asibitoci, da kuma abin da hakan zai yi wa tarbiyya. Sunan jihar na yawan fitowa a wannan zance domin binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa mace a Katsina kan haifi 'ya'ya 7.3 a matsakaici, adadin da ya fi na kowace jiha. Na ƙasa baki ɗaya 5.3 ne a lokacin, na Legas kuma 3.4. Matan aure masu amfani da hanyoyin zamani a jihar ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, alhali a ƙasa sun kai kashi 12.

Suna

Rabin rigimar a kan suna take. Kalmar da ta fara shiga kunnen mutane ta rediyo ita ce "ƙayyade iyali", ita ce kuma ta ɓata rawar da tsalle, domin ƙayyadewa a kunnen Bahaushe yanke adadi ne, wato mutum ya shiga hurumin da ba nasa ba. Daga baya aka koma "tsarin iyali". Yanzu ma'aikatan lafiya sun fi cewa "tazarar haihuwa" ko "hutun haihuwa". Malamai ma suna da irin wannan rabe-rabe a Larabce, tsakanin tahdidun nasli da tanzimun nasli: na farko tsayar da zuriya a kan adadi, na biyu tsara lokacinta.

Kafin zuwan asibiti

Ba asibiti ne ya kawo tazarar haihuwa ƙasar Katsina da Daura ba. Mace mai cikin fari kan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta haihu a can, ta yi wankan jego na kwana 40 tana shan kunun kanwa, wani lokaci ta ƙara watanni kafin a mayar da ita ɗakinta da gara. Shayarwa kan kai shekara biyu ko kusa da haka, kuma a da an ɗauka cewa kusantar miji a wannan lokaci na ɓata nono. Wadda ta samu ciki tana goyo sai a ce ta yi kwanika ko rurrutsa. Abin kunya ne, tsofaffi kan yi wa mijin ba'a, yaron da aka yaye ba shiri kuma a ce ya sha ciki idan ya rame yana zawo. Karin maganar nan ta "haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance" na nuna mutane sun san abin da haihuwa ke yi wa jikin da ya gaji. Auren mace fiye da ɗaya ya taimaka wa wannan tsari, tunda mai jego na iya hutawa ba tare da gidan ya tsaya ba.

Akwai kuma dabarun ɓoye. Ungozoma da wanzamai da malaman zaure sun san guru da laya da rubutun sha. Wasu mata kan haɗiyi ƙwayar zurma, suna ganin kowace ƙwaya shekara guda ce ta hutu. Wasu kan kife ƙwarya a ɗaki da niyyar ba za a ɗaga ba sai an shirya. Ko suna aiki ko ba sa yi wannan wata magana ce. Abin lura shi ne babu wanda ya taɓa hawa mumbari ya kira su makircin baƙi. Abu ne na cikin gida, tsakanin mace da uwarta.

A ɗaya gefen kuma akwai dalilan son yawan 'ya'ya, kuma ba na wasa ba ne. Gona na son hannu. Yara na mutuwa da ƙyanda da zazzaɓi, har ana kiran mai yawan binne jarirai da suna wabi. A gidan kishiyoyi rabon gado na bin yawan 'ya'yan ɗaki, domin matan duka tumunin takaba kawai za su raba, saboda haka gasar haihuwa lissafi ce. Kan duk wannan sai a ɗora da cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci.

Manufar 1988

Ƙungiyoyin tsarin iyali sun fara aiki a Legas tun wajen 1964, amma gwamnati ba ta shigo da ƙarfinta ba sai zamanin Janar Ibrahim Babangida. A 1988, shekara guda bayan an cire Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, aka fitar da manufar ƙasa kan yawan jama'a, lokacin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti na ministan lafiya. Manufar ta ba da shawarar 'ya'ya huɗu ga kowace mace, ta kuma nemi a rage aurar da 'yan mata kafin shekara 18. Ba doka ba ce, babu hukunci a kan wanda ya ƙi. Sai dai adadin ya zama abin riƙo ga masu suka ta kowane ɓangare. Ƙungiyoyin mata sun ce an ɗora wa mace nauyi an bar namiji, tunda mai mata huɗu zai iya tara 16 bai saɓa wa kowa ba. Malamai da yawa a Arewa kuma suka ce ga ƙayyadewar da ake musu ta fito fili.

Lokacin ma bai taimaka ba. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, magani ya yi wuya a asibitin gwamnati, sai ga maganin hana haihuwa na zuwa da tallafin ƙasashen waje. Tambayar da aka riƙa yi tun wancan lokaci, kuma har yau ba ta mutu ba, ita ce: me ya sa wannan ne kyauta, na zazzaɓi kuwa sai an biya? Ga kuma siyasar ƙidaya. A Najeriya yawan jama'a na shiga lissafin rabon arziki da kujerun majalisa, an kuma yi rikici kan ƙidayar 1962 da 1963, ta 1973 ma soke ta aka yi. Duk wata magana ta rage haihuwa sai a ji ta kamar yunƙurin rage wa Arewa rinjaye. An sabunta manufar a 2004, sannan a 2022 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya ƙaddamar da sabuwa ba tare da wata hayaniya ba.

Shari'a da rigakafin shan inna

A 2000 Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa. A Maris na 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa saboda ta haihu bayan aurenta ya mutu, babbar kotun Funtuwa ta tabbatar, sannan kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a da ke Katsina ta sallame ta ranar 25 ga Satumba 2003. Cikin hujjojin da lauyoyinta suka kawo har da mas'alar kwantaccen ciki ta mazhabar Malikiyya. Shari'ar ba ta shafi tsarin iyali kai tsaye ba, amma surutun da duniya ta yi a kanta ya ƙara wa mutane da yawa jin cewa ƙasashen Yamma sun sa wa iyalin Musulmi ido.

A 2003 ɗin ne aka dakatar da ɗigon rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa, bayan Majalisar Ƙoli ta Shari'a ƙarƙashin Dakta Datti Ahmad ta yi zargin an cakuɗa shi da sinadarin hana haihuwa. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 ya ba zargin wurin zama. Kano ta koma yin rigakafin a Yuli 2004, amma jita-jitar ta daɗe tana yawo a ƙauyukan jihohin maƙwabta.

Matsayin malamai

Masu hanawa na kafa hujja da aya ta 31 ta Suratul Isra'i da ta 151 ta Suratul An'am, masu hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci, da hadisin da Annabi (SAW) ya yi umarni da auren mai haihuwa domin zai yi alfahari da yawan al'ummarsa. Masu halattawa na kawo hadisin Jabir cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani na sauka, da aya ta 233 ta Baƙara mai maganar shayarwa shekara biyu cikakku. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya yarda da azalu da sharaɗin izinin matar. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disamba 1988, ta yanke cewa bai halatta hukuma ta kafa dokar ƙayyade haihuwa ba, an haramta kashe ƙwayar haihuwa gaba ɗaya sai da larura, amma ma'aurata na iya jinkirtawa idan sun yi shawara sun yarda. Galibin malaman da ke magana a kan batun yanzu kusa da wannan matsayi suke.

Cocin Katolika, wanda ya samu dayosis a Katsina a 2023, bai yarda da hanyoyin zamani ba sai lissafin kwanaki.

Wa ke biya

A Afrilu 2011 Gwamnatin Tarayya ta ce kayan tsarin iyali sun zama kyauta a asibitocinta da na jihohi. A taron Landan kan tsarin iyali na Yuli 2012 Najeriya ta yi alƙawarin ƙara kuɗi, a 2017 kuma ta ɗauki alƙawarin dala miliyan 4 duk shekara don sayen kaya. Kafin taron Landan, a Yuni 2012, Shugaba Goodluck Jonathan ya furta cewa ƙila sai an yi dokar taƙaita haihuwa, maganar da ta mayar da hannun agogo baya a Arewa, kuma dokar ba ta taɓa zuwa ba.

A aikace Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ke sayo yawancin kayan, da kuɗin tarayya da na masu ba da tallafi irin su Birtaniya da gidauniyar Gates, da Amurka kafin 2025. Aikin jiha shi ne ta kai su ƙananan hukumominta 34, ta biya ma'aikata, ta sayi safar hannu da auduga da maganin kashe zafi. A nan ake yawan samun tangarɗa, domin abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban. Mace kan je a sa mata "ashana", wato siririn abin da ake cusawa ƙarƙashin fatar damtse ya yi shekara 3 ko 5, a ce mata ashanar kyauta ce amma ta kawo kuɗin safa. Allurar wata uku ta fi karɓuwa ga wasu domin ba ta barin alama, kuma ba abin mamaki ba ne katin asibitin ya kwana a gidan uwa maimakon ɗakin miji. Tun 2014 aka yarje wa ma'aikatan lafiya na matakin farko su yi waɗannan ayyuka bayan horo.

Masu goyon bayan kashe kuɗin na nuni da mutuwar mata wajen haihuwa, wadda binciken 2018 ya ƙiyasta 512 cikin kowace haihuwa 100,000 a ƙasa, da cibiyar Babbar Ruga da ke bayan garin Katsina, inda likitan nan ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinkin masu yoyon fitsari wajen 1984.

Batun tarbiyya

Inda jam'iyyar masu halattawa ke watsewa shi ne kan marasa aure. Malamin da ya yarda a ba matar aure allura zai ce raba kwaroron roba ga samari buɗe ƙofar zina ne da kuɗin talakawa; jami'an lafiya su ce cutar ƙanjamau da cikin shege da jefar da jarirai sun riga kwaroron zuwa. Manhajar ilimin jima'i ta makarantu ta sha suka har aka sauya mata suna a 2003 zuwa ilimin zaman iyali da ƙanjamau, a Nuwamba 2022 kuma ministan ilimi Adamu Adamu ya ba da umarnin a cire darasin daga karatun matakin farko. Zubar da ciki laifi ne a dokar finalkod sai don ceton ran uwa.

Halin da ake ciki

A farkon 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, sannan ta rushe hukumar. A shekarar ne kuma aka zaftare fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da kasafin tarayya ya ware wa tsarin iyali idan aka kwatanta da 2024. Ƙa'idojin ma'aikatar lafiya ta tarayya sun ba jihohi damar sayen kayan da kuɗinsu.