Ma'anar "jaz", da abin da ake yi a bikinsa na Montreal

Idan ka ce "jaz" a tashar mota a Legas, ko a Sabon Garin Kano, da wuya a gane kiɗa kake nufi. A Turancin buroka na Najeriya kalmar ta daɗe da zama sunan asiri. In aka ce wane ya yi wa wane jaz, to sammu ake nufi, ko an kai sunansa wurin boka. Shi ya sa idan ƙarshen watan Yuni ya zo aka fara jin cewa mutum wajen miliyan biyu za su yi dafifi a birnin Montreal na ƙasar Kanada saboda "bikin jaz", wani sai ya yi turus. Wannan jaz ɗin daban ne. Kiɗa ne, kuma da shi sauran duniya ta san kalmar.

An fara ganin kalmar a rubuce a shafukan wasanni na jaridun Kalifoniya a 1912 da 1913, tana nufin wani abu kamar kuzari da karsashin ɗan wasa. Zuwa 1915 an fara kiran wani sabon kiɗa da ita a Chicago. Shi kuwa kiɗan ya girmi sunansa. A New Orleans aka haife shi, birnin da ke kusa da inda kogin Misisipi yake shiga teku a kudancin Amurka, a hannun baƙaƙen fata jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. A garin akwai wani fili da ake kira Congo Square, inda tun zamanin bauta ake barin bayi su taru ranar Lahadi su yi kiɗa da rawa irin na gida. Ga waƙoƙin aikin gona, ga na coci, ga buluz, wato waƙoƙin koke da ƙuncin rayuwa. Ga kuma 'yan badujala masu begila da ganguna da ke raka gawa maƙabarta da kiɗa mai sanyi, su dawo da mai zafi. Duk waɗannan ne suka haɗu a tukunya ɗaya. Faifan farko da aka sayar da sunan jaz ya fito a 1917, kuma ƙungiyar fararen fata ce ta samu damar yin sa, alhali masu abin suna nan.

To mene ne ya bambanta shi da sauran kiɗa? A ganina abu guda ne ginshiƙi: ana ƙirƙirarsa ne nan take, a gaban mai sauraro.

Ka ɗauka mutum huɗu ne a kan dandamali. Ɗaya yana zaune gaban piyano. Ɗaya yana tsaye ya rungumi wani ƙaton goge da ya kusa tsawonsa, gindinsa a ƙasa, yana fizgar tsirkiyoyinsa da yatsa. Ɗaya yana bayan ganguna da fayafayan tagulla. Na huɗun yana riƙe da saksofon, wata algaitar ƙarfe mai lanƙwasa. Da farko za su yi abin da Bahaushe zai kira take, ɗan gajeren sauti da kowa ya sani, wanda ba ya wuce minti guda. Daga nan sai mai saksofon ya saki taken ya shiga faɗin nasa. Sauran ukun suna ci gaba da zagaya turbar taken a ƙarƙashinsa, zagaye bayan zagaye, shi kuma yana ɗora sabon sauti a kai, wanda bai rubuta ba, bai haddace ba, watakila ma bai taɓa busa shi haka ba. Zai iya jan sauti ɗaya har numfashinsa ya kusa ƙarewa, ko ya yi shiru na ɗan lokaci ya bar mai ganga ya cike gurbin. In ya gama sai ya ja da baya, mai piyano ya karɓa. Wani lokaci mai busa da mai ganga sukan shiga musaya, wannan ya faɗi 'yar gajeriyar magana da kayan kiɗansa, wancan ya mayar masa, kamar jagora da 'yan amshi. A ƙarshe wani zai ɗaga kai ko ya taɓa goshinsa, alamar a koma gida ke nan, sai duka su sake haɗuwa a kan taken su rufe.

Wanda ya taɓa tsayawa a wurin biki ya ga mawaƙi ya hango baƙo yana shigowa, ya saka sunansa da na garinsu cikin baiti ba tare da kiɗan ya yi tuntuɓe ba, ya riga ya san rabin sirrin jaz. Bambancin shi ne a wurinmu kalma ce sarauniya, makaɗa suna bin mawaƙi. A jaz sau da yawa babu kalma ko ɗaya, kayan kiɗan ne ke magana. Ko mawaƙan ma sukan ajiye kalmomi su riƙa furta sautuka marasa ma'ana, suna mai da muryarsu kayan busa. Louis Armstrong da Ella Fitzgerald sun shahara da wannan.

Akwai kuma rangajin kiɗan, abin da masu shi ke kira suwing. Bugun ba ya tafiya tsam kamar faretin soja, yana ɗan jinkirtawa sannan ya tura, kamar tafiyar raƙumi. Masu sauraro da suka saba suna tafa hannu a bugu na biyu da na huɗu. Kuma ana tafa wa kowane makaɗi da zarar ya gama nasa, ko da kiɗan bai ƙare ba. Baƙo yakan ɗauka rashin ladabi ne, amma haka al'adar take.

Duk wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa ake yin biki sukutum saboda jaz. Faifai yana riƙe dare ɗaya ne kawai. Gobe waɗannan mutum huɗun za su yi take iri ɗaya, ya fito da wata kama dabam, domin mai ganga ya tashi da wani yanayi, ko jama'ar wurin sun fi na jiya ɗumi. Wanda yake son abin da gaske dole ya je inda ake yinsa. Babban biki na farko irin wannan a Amurka shi ne na Newport, wanda George Wein ya shirya a 1954. Na Montreux a ƙasar Siwizalan ya biyo baya a 1967, kuma mutane da yawa suna rikita shi da na Montreal saboda kamannin suna, alhali teku ne a tsakaninsu.

Montreal tsibiri ne a cikin kogin Saint-Laurent, birni na biyu mafi girma a Kanada, kuma Faransanci ne harshensa. Ɗan Zinder ko Maraɗi zai fi ɗan Kano saurin sabawa da alamomin titi. Jaz ba baƙo ba ne a garin. Daga 1920 zuwa 1933, lokacin da aka haramta sayar da giya a Amurka, ba a haramta a Montreal ba, sai gidajen rawa suka bunƙasa, makaɗa suka riƙa tsallako iyaka suna neman aiki. Gaskiya ce da ba sai an ɓoye ba: a mashaya da gidajen dare wannan kiɗa ya yi ƙuruciyarsa, kafin ya shiga jami'o'i da manyan zauruka. Kusa da tashoshin jirgin ƙasa akwai unguwar Petite-Bourgogne, inda a wancan zamanin baƙaƙen fata suke zaune, galibin mazansu ma'aikatan hidima ne a cikin jirgin, domin aikin da aka fi ba su ke nan. A gidan ɗaya daga cikin waɗannan ma'aikata aka haifi Oscar Peterson a 1925, wanda ya zama ɗaya daga cikin gwanayen piyano na duniya. Yayarsa Daisy ta koyar da shi, ta kuma koyar da yaran unguwar da dama, ciki har da Oliver Jones. Ina son wannan labarin, domin kafin a samu biki sai da aka samu wata mata zaune a ɗaki tana gyara wa yara yatsu a kan piyano.

Bikin kansa, mai suna Festival International de Jazz de Montréal, an fara shi a 1980. Alain Simard da André Ménard suna cikin waɗanda suka kafa shi. A shekarar farko an yi shi a tsibirin Sainte-Hélène, Ray Charles da Chick Corea da Gary Burton suka yi wasa, mutum kimanin 12,000 suka halarta. A 2004, shekarar da aka yi karo na 25, kundin Guinness ya rubuta shi a matsayin bikin jaz mafi girma a duniya, da mahalarta sama da miliyan 1.9. Ana yinsa kwana goma ko kusa da haka, daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli. A 2020 annobar korona ta hana taruwa.

Lokacin ma yana da ma'ana. Garin da ƙanƙara ke rufewa wata huɗu ko fiye, inda sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifili, in bazara ta zo mutane ba sa son zama a ɗaki. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara saura kwata na dare. Ana rufe titunan tsakiyar gari ga motoci, a kewayen cibiyar zaurukan wasanni ta Place des Arts da titin Sainte-Catherine, a kakkafa dandamali nan da can. Kana tafiya sautin wannan yana dusashewa a bayanka, na wancan yana tasowa a gabanka. Ga masu tura jarirai a keke, ga tsofaffi da kujerunsu na naɗewa, ga 'yan badujala suna ratsa taron a ƙasa kamar yadda kakanninsu a sana'a suka yi a New Orleans. Kimanin kashi biyu cikin uku na ɗaruruwan wasannin da ake yi kyauta ne, ba tikiti, ba ƙofa. Kuɗin yana fitowa daga kamfanoni masu ɗaukar nauyi, da tallafin gwamnati, da tikitin wasannin cikin zaure, da cinikin abinci da abin sha a harabar bikin. A 30 ga Yuni 2009 Stevie Wonder ya yi wasa kyauta a fili, aka ƙiyasta mutum 200,000 suka tsaya kallo.

Wasan fili da na zaure ba abu ɗaya ba ne. A fili kiɗan ya zama mai ƙarfi, mai sa rawa, wanda zai isa kunnen na can ƙarshen taro. A zaure kuwa, ko babba irin Wilfrid-Pelletier mai kujeru kusan 3,000, ko ƙarami irin Gesù da ke ƙarƙashin wani coci, ana yin tsit har ka ji ƙarar yatsa a kan tsirkiya da numfashin mai busa kafin ya busa. A nan ne ake ganin jaz tsantsa. Bikin yana da wani tsari da ake gayyatar makaɗi guda ya yi darare a jere, kowane dare da abokan kiɗa dabam. A 1989 Charlie Haden, mai kaɗa ƙaton gogen nan, ya yi dare takwas haka. Mutum ɗaya, kayan kiɗa ɗaya, amma hira takwas, domin abokin hira ya canja.

Akwai ƙorafin da ba ya ƙarewa: wai sunan ne kawai jaz, amma an cika dandamali da rege da fof da hip-hop da kiɗan Afirka da na Latin Amurka. Ƙorafin yana da tushe. Wanda ya zo ya tsaya a manyan dandamali kawai zai iya komawa gida bai ji ƙirƙirar nan take ko sau ɗaya ba, ya ɗauka ya san jaz. Wannan yana damuna. Duk da haka ban goyi bayan masu son a killace bikin ba. Manyan sunaye ne ke jawo taro da kuɗin da ake biyan mutum huɗun nan na ƙaramin zaure. Kuma yaron da ya zo don rawa, ya ratsa ta gaban wani dandamali ya ji saksofon ya tsaya cak, da a zaure kaɗai ake kiɗan, da ba zai taɓa sayen tikiti ya shiga da kansa ba. Kiɗan da aka haifa a titi bai kamata a nesanta shi da titi ba.

Batun su wane ne masu abin ma bai kwanta ba. A 2018 bikin ya soke wani wasa da aka gina kan waƙoƙin bayi baƙaƙen fata, bayan zanga-zanga kan cewa galibin masu rerawar fararen fata ne. An yi ta muhawara a lardin Quebec, inda Montreal take, kan 'yancin mai fasaha da haƙƙin masu tarihi, kuma duk wanda ya tuna faifan 1917 ya san ciwon tsoho ne.

Kiɗan ya sha dawowa gida Afirka. Louis Armstrong ya zo Accra a 1956, ya kuma zagayo Najeriya a 1960, shekarar 'yancin kai, har akwai hotonsa tare da Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello a Kaduna. Fela Kuti da mai gangarsa Tony Allen daga jaz da hailaif suka taso kafin su gina afrobit. Bikin Montreal kuma ya karrama Salif Keita na Mali da Angélique Kidjo ta Benin da lambar yabonsa ta kiɗan duniya, mai ɗauke da sunan Antônio Carlos Jobim na Brazil.

Bayan an kashe fitilun manyan dandamali wajen tsakar dare, bikin yana komawa ƙananan gidajen kiɗa na gari. A can ake zaman da kowa zai iya hawa. Gwanin da ya cika zaure ɗazu yana iya shigowa ya tarar da ɗalibi riƙe da begilarsa a gefe, yana jiran a kira shi. Ba su taɓa haɗuwa ba, ƙila ma ba su jin harshen juna. Ɗaya zai faɗi sunan take, ɗayan ya gyaɗa kai, mai ganga ya ƙirga huɗu da sandunansa, su fara.