Horon tattara hankali a tsakanin zaratan sojoji

Horon tattara hankali wani nau'i ne na zuzzurfan tunani da ake koya wa soja don ya riƙe hankalinsa a kan abin da ke gabansa, kamar shigar numfashi da fitarsa, in hankalin ya tafi wani wuri ya sake jawo shi. Dakaru na musamman na wasu ƙasashe, musamman Amurka, sun gwada shi don rage damuwa da kare natsuwar soja kafin a tura shi fagen daga.

Asali

Tushen wannan horo yana cikin addinin Buda, inda ake kiransa "sati" a harshen Pali. Haɗuwarsa da sha'anin yaƙi daɗaɗɗiya ce. A Japan, a zamanin Kamakura, wanda ake ƙiyasta farawarsa da wajen 1185, mayaƙan samurai da yawa sun rungumi tafarkin Zen, wani reshe na addinin Buda. Hojo Tokimune, wanda ya riƙe ragamar mulki lokacin da Mongol suka kawo hari a 1274 da 1281, ya yi almajirci a wurin wani malamin Zen da ya zo daga Sin, Mugaku Sogen, ya kuma gina masa wurin ibada na Engaku-ji a 1282.

A 1979 wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Jon Kabat-Zinn, ya buɗe asibitin rage damuwa a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts, ya tsara shiri na mako takwas wanda ya raba horon da ibada. Daga wannan shiri ne akasarin na sojoji suka samo tsarinsu. A tsakiyar shekarun 1980 ma an yi wani gwaji da wasu dakarun musamman na Amurka, aka haɗa musu zuzzurfan tunani da wasan kare kai na aikido.

Bincike

Elizabeth Stanley, malama a Jami'ar Georgetown wadda ta taɓa zama jami'ar leƙen asiri a rundunar sojan Amurka, ta tsara wa sojoji shirinsu na mako takwas. Ita da Amishi Jha, masaniyar ƙwaƙwalwa, sun gwada shi a kan sojojin kundumbala masu shirin tafiya Iraƙi, aka buga sakamakon a 2010. Watannin shirin tafiya kan raunana ƙarfin ƙwaƙwalwa na riƙe bayani na ɗan lokaci, wanda shi soja ke dogaro da shi wajen yanke shawara cikin gaggawa. Waɗanda suka yi atisayen tattara hankali na kusan minti 12 ko fiye a kullum sun tsira da wannan ƙarfi, waɗanda suka yi sakaci kuwa nasu ya ragu. Mahalartan ba su da yawa, abin da ya sa ake taka-tsantsan da sakamakon.

Wani bincike da aka buga a 2014 a kan sojojin sansanin Pendleton na Kaliforniya ya nuna bugun zuciya da numfashin waɗanda aka horar sun fi saurin daidaita bayan atisayen yaƙi. A 2019 aka gwada gajeren shiri a kan dakaru na musamman: na mako huɗu ya inganta natsuwa, na mako biyu bai yi tasiri sosai ba.

Saɓani

Wasu malaman Buda da masana na ganin bai dace a yanke horon daga koyarwar haramta kisa ba. Masu goyon baya na cewa soja mai natsuwa ya fi kauce wa harbin farar hula bisa kuskure.