Me ake nufi da LLB, kuma a ina takardar take aiki?

Duk mai neman gurbin karatun lauya a ƙasar waje sai ya ci karo da waɗannan haruffa uku: LLB. An gutsuro su ne daga kalmomin Latin, Legum Baccalaureus, wato digirin farko a fannin dokoki. Maimaita harafin L ɗin ba tuntuɓen alƙalami ba ne, haka Latin ke nuna jam'i idan an taƙaita kalma.

A Ingila shekara 3 ake yi, kuma daga sakandare ake shiga. A Sukotland galibi shekara 4 ne. Amurkawa kuwa sun fara ajiye wannan suna tun shekarun 1960, suka koma JD, wato Juris Doctor, wanda sai mai digiri a wani fanni yake shiga, ya ƙara shekara 3. Akwai kalmar dakta a cikin sunan, amma ba digirin digirgir ba ne. LLM shi ne digiri na biyu, yawanci shekara guda.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wanda ya karanta likitanci a wata ƙasa, jikin ɗan Adam ɗin da ya koya shi zai tarar ko'ina ya je. Doka ba haka take ba, kowace ƙasa da tata. Mai LLB ɗin Ingila dokar Ingila da Wales ya sani, ko Sukotland da ke maƙwabtaka tsarinta daban ne.

Ɗauki misalin ɗalibi a Landan. Da wuya ya gama shekarar farko bai ji labarin dodon-koɗi ba. A 1928, a garin Paisley da ke Sukotland, an saya wa wata mata, May Donoghue, lemon citta a kwalba mai duhu. Ta sha rabi, da aka tsiyaye ragowar sai ga ruɓaɓɓen dodon-koɗi, a cewarta. Ba ita ta biya kuɗin ba, saboda haka babu ciniki tsakaninta da kowa, balle ta ce an saɓa yarjejeniya. Duk da haka ta kai ƙarar mai sarrafa lemon, kuma a 1932 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta ce mai sarrafa kaya wajibi ne ya kula kada kayansa su cutar da mai amfani da su. Daga wannan hukunci dokar sakaci ta zamani ta samo tushe. Haka karatun yake tafiya: hukunci bayan hukunci, ana tono dalilin alƙalan baya, domin shi ke ɗaure ƙananan kotuna.

Takwaransa na Paris kuwa, idan aka kawo masa irin wannan matsala, kundi zai buɗe. Kundin dokokin farar hula na Faransa, wanda aka kafa a 1804 zamanin Napoleon, yana da sashe mai cewa duk wanda ya jawo wa wani ɓarna da laifinsa, sai ya biya. Tsohuwar lambarsa 1382, a 2016 aka mayar da shi 1240. Duka biyun lauyoyi za su zama, amma hannunsu bai saba da kayan aiki iri ɗaya ba.

Sannan takardar kaɗai ba ta sa a kira mutum lauya, abin da tallan jami'o'i ba ya cika faɗa da babbar murya. A Ingila, mai son zama lauyan ofis sai ya ci jarrabawar SQE, wadda aka fara a 2021, ya kuma yi aikin sanin makama na shekara 2. Mai son zama barista, wato lauyan da ke tsayawa a gaban kotu, sai ya shiga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin baristoci huɗu na Landan, kamar Inner Temple inda Gandhi ya kammala a 1891. A Amurka kowace jiha da ƙa'idarta; New York na karɓar masu digirin waje, sau da yawa bayan sun ƙara da LLM a can.

A ganina, kafin a tambayi martabar jami'a, a fara tambayar hukumar lauyoyin ƙasar da za a yi aiki ko ta amince da digirin. Da yawan irin waɗannan hukumomi sukan sa mai dawowa ya sake zama aji, musamman kan tsarin mulki da dokar filaye, kafin ya sa rigar.