Ƙarar akwatin giya a tsohuwar mota

Ƙarar akwatin giya ita ce kuka, gurnani, ƙaraf-ƙaraf ko ƙwanƙwasa da ke tasowa daga sashen da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyi. A garejojin Tahoua, kamar sauran garuruwan Nijar, an fi kiran akwatin da "bwat", kalmar da aka aro daga Faransanci, direbobin da ke bin Birnin Ƙonni zuwa Sakkwato kuma sukan ce "giyabos". Haka a garejojin Nijar kuloci yake "ambrayaj", boris kuma "rulema". Tsohuwar mota mai giyar hannu ba ta da kwamfutar da za ta faɗi ciwonta, saboda haka kunne ne babban kayan aikin makanike.

Tarihi

Akwatunan farko masu ƙara ne tun daga masana'anta. Wanda kamfanin Panhard et Levassor na Faransa ya yi amfani da shi a wajajen 1894, ko kaɗan kafin nan, haƙoran giyarsa miƙaƙƙu ne, kuma direba ne ke tura su cikin juna suna tsaka da juyawa. In bai daidaita gudun inji ba, sai a ji ƙarfe na cin ƙarfe. Abu biyu suka rage wannan. Na farko, an koma yanka haƙoran a karkace, yadda za su riƙa shiga juna sannu a hankali. Na biyu shi ne sinkoro, zoben da ke daidaita gudun giya biyu kafin su haɗu, wanda Earl Thompson ya ƙirƙiro, Cadillac kuma ta sa a motocinta a 1928. Porsche ta fito da nata salon a 1952. Giyar baya ce aka bari da miƙaƙƙun haƙora a yawancin motoci, shi ya sa mota ke kuka idan tana ribas. Wannan ba ciwo ba ne.

Tsofaffin makanikan Adar, wato yankin Tahoua, da yawa a kan Peugeot suka buɗe ido: 404 da ta fito a 1960, sai 504 ta 1968, wadda aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna bayan buɗe masana'antar can a 1975. Motoci ne masu jan baya, wato tayoyin baya ne ke tura su, akwatinsu a miƙe yake bayan inji, ana iya sauke shi a kwance shi a kan tabarma. Wasu 404 suna da aksul na baya mai haƙori irin na dunƙulen sukurori, mai buƙatar mansa na daban, abin da ya koya wa makanikai tun da wuri cewa ba kowane mai ke shiga kowane rami ba. Da aka shimfiɗa hanyar Tahoua zuwa Arlit ta Agadez, wadda ake kira hanyar yuraniyom, a tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, garin ya zama zangon motoci masu doguwar tafiya da kaya fiye da ƙima. Daga baya Toyota ta mamaye tasha: Hiace, Hilux, Land Cruiser da ƙananan Corolla da Starlet, galibinsu na hannu ne da aka sauke a tashar ruwan Kwatano bayan sun ci kilomitoci masu yawa a Turai.

Gano inda ƙarar take

Ba kowace ƙara da aka ɗora wa akwati ce tasa ba. Boris na taya yakan yi gurnani mai ƙaruwa da gudun mota ko da wace giya aka sa, kuma yakan sauya murya idan aka karya sitiyari. Kardan, sandar da ke kai ƙarfi zuwa taya a motar jan gaba, yana yin "ƙas-ƙas-ƙas" a kwana. Ƙwanƙwasa guda daga ƙarƙashi lokacin taka totur ko sakinsa, a motar jan baya, yawanci daga mahaɗar doguwar sandar da ke zuwa aksul take. Aksul ɗin kansa yana da kukansa, mai zuwa idan an ba da wuta ya lafa idan an ɗaga ƙafa, ko akasin haka. Makanike mai hankali sai ya kore waɗannan duka kafin ya taɓa noti ɗaya na akwati.

Gwajin da ya fi kowane amfani a tsaye ake yin sa, inji na aiki, giya na firi. Idan ana jin gurnani, aka taka kuloci sai ya ɗauke, zargi na kan boris na sandar da ke shigo da ƙarfi cikin akwati, domin takawar ce ta tsayar da ita. Idan shiru ne sai an taka sannan kuka ya taso, boris na kuloci ne, wanda ake kira "bite" a garejojin Nijar, kuma akwatin lafiya lau yake. A kan hanya kuma, akwatin motar jan baya da ke kuka a kowace giya amma ya yi shiru a ta huɗu yana nuna boris na sandar ƙasa, wato sanda ta biyu mai ɗauke da giyoyi a cikin akwati, saboda a ta huɗu ƙarfi na wucewa kai tsaye ba ya bi ta kanta. Kuka a giya ɗaya tak, haƙoranta ne. Ƙaraf yayin shiga giya guda, sau da yawa ta biyu, sinkoro ne ya cinye. In kuwa duk giyoyin suna ƙin shiga, har da ribas, kuloci ne ba ya saki sosai.

Har yanzu ana dafa doguwar sukundireba a jikin akwati a kara kunne a mariƙinta don a gano inda ƙarar take.

Mai

Kafin a kwance komai ana duba mai. A yawancin akwatunan hannu matakinsa shi ne bakin ramin zubawa da ke gefe. Ƙa'ida ce a fara kwance notin zubawa kafin na juyewa, don kada a zubar da mai sannan a tarar na sama ya ƙi motsi. Notin ƙasa yakan zo da maganaɗisu: laushin garin ƙarfe a kansa ba abin tsoro ba ne, amma gutsattsari na nufin haƙori ko boris ya fashe. Ƙyalli kamar na zinariya a cikin mai tagullar sinkoro ce.

Ana yawan zuba mai lamba 80W-90. Mai alamar GL-5 na aksul ne, sinadaran da ke cikin wasunsa na iya cin tagulla, don haka akwatuna da dama GL-4 suke so, wasu tsofaffin Peugeot ma man inji aka rubuta musu. Zafin bazara na Tahoua, da yakan haura digiri 40, yana tsinka mai, ƙura kuma na cinye robobin da ke tare shi har ya riƙa yoyo ba a sani ba.

Gyara

Idan mai ne ya yi ƙasa kuma an gano da wuri, cikawa da sauya roba na iya wadatarwa. In ba haka ba sai a sauke akwati, a wanke, a sauya boris da zobban sinkoro, a daidaita tazarar da ke tsakanin sassa. Tunda an riga an sauke, ana sauya faifan kuloci da borisinsa a lokaci guda. Masu mota da yawa sun fi son sayen akwatin da aka cire daga wata mota dungurungum daga Yamai, Sakkwato ko Kano, ko da yake shi ma ba a jin muryarsa sai an ɗaura. Rufe iyakar Nijar da Benin da aka yi a 2023 ya sauya hanyar shigowar irin waɗannan kaya.

Akwatin otomatik

Mansa sabo yawanci ja ne. In ya yi duhu yana warin ƙuna, faifan ciki sun ƙone. Kuka mai bin gudun inji yakan fito daga famfon mai.

Saɓani

Makanikai sun rabu kan zuba mai mai kauri ko magungunan ƙari don kashe ƙara. Wasu na ganin yana ƙara wa akwati kwana, wasu na cewa dabarar dillalai ce ta rufe bakin mota har a sayar. Kaurin mai na rage sauti, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya cinye.